Tsawon Ubansa

Zuwa ga Yaya Sule,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hajo da yara. Yaya aiki, yaya zafin Sakkwato? Mu nan Kontagora da sauƙi, sai haƙurin rashin maigida. Na fita takaba, amma gidan har yanzu shiru.

Maganar ɗanka Isa ce ta sa na rubuto. Tun rasuwar ubansa ba ya dariya sai a filin ƙwallo. Da can waɗanda aka yi wa kaciya tare su ke ƙungiya ɗaya, kowa ya san sa'ansa. Bana masu shirya gasa suka ce an daina haka. Suka kawo sanda, duk wanda kansa ya wuce ta ya zama babba. Ranar karawa da yaran garin Auna aka auna Isa gaban jama'a, ya ɗara ta kaɗan, aka fitar da shi. Na je na ce wa mai koya musu, "Malam, ni na haife shi. Bala da kuka bari ma ya girme shi." Ya ce, "Haƙuri, Iya, sanda ba ta san wannan ba."

Yaya, marigayi bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Tsawon nan kaɗai yaron ya gada, da shi kuma aka kore shi. Yanzu a duƙe yake tafiya. In ya shigo zaure, na daina ganin ubansa a jikinsa.

Ka sa shi a addu'a, Allah ya miƙar mini da shi. A gaida su Gwaggo.

Ƙanwarka,
Ladi