Yussif Bai Je Salaga Ba

Zangon Yendi,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanena Abdulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Faridatu da ƙananan yara, ya kuma sassauta muku sanyin Italiyan nan da ka ce yana ratsa ƙashi. Mu nan sai godiya. Hajiya mahaifiyarmu tana Salaga, ƙafar ta yi sauƙi, har tana taka ta zuwa masallaci. Amaryata Taslima ta sauka lafiya, an samu mace. Damina ta yi kyau, doya ta wadata.

A matsayina na babban gida, wajibi ne in sanar da kai wani muhimmin al'amari: tunkiyata mai baƙin kunne, wadda ta ɓace a watan jiya, ta dawo. Ban yi sakaci ba. Ko sa'a guda ba a yi ba na sa ladan ya yi cigiya a lasifika, na zayyana kamanninta har da tabon ƙafar hagu, kuma kafin magariba aka jawo ta daga bayan tasha tana tauna kwalin wani. Na fara da wannan ne don hannuna ya ƙi rubuta abin da ya sa na ɗauki biro. Sauran ka karanta kai kaɗai kafin ka karanta wa Faridatu, kuma ka fara riƙe wannan: ɗanka Yussif yana gida, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka ina jin motsinsa a tsakar gida.

Ka tuna sau biyu ka kira kana son magana da shi, na ce ya tafi Salaga gai da Hajiya, kai ma ka san ba ta riƙe waya. Ƙarya na yi maka. Yussif bai je Salaga ba. Kwana goma sha ɗaya ya yi ba mu san inda yake ba.

Abin bai zo ba zato ba, ni ne na ƙi gani. Tun bayan Sallah uwargidana Atikatu ta ce mini yaron ya zo da sabuwar waya da takalmin da ba mu muka saya ba, kuma ya rage cin tuwon gida, wai ya ƙoshi a waje. Na yi mata lacca a kan ɗan shekara goma sha biyar da yadda masana suka ce a bar shi ya sha iska. Ka san ni, shekara ashirin da shida ina shugabancin makaranta, ba na rasa littafin da zan jingina da shi idan ba na son tashi daga kujera. Malamarsa ma ta zo har gida ta ce yana yawan fashin aji. Na ba ta shayi, na ba ta labarin yadda muke riƙe ɗalibai a zamaninmu, ta tafi ba ta sami damar ƙarasa magana ba.

Ranar da bai kwana gida ba, da safe Atikatu ta ce a yi cigiya, a kai hotonsa wajen 'yan sanda. Na hana. Na ce yaro ne, yunwa za ta koro shi. Gaskiyar magana ita ce, ni ne mutumin da ake kira ya yi jawabin tarbiyya a duk saukar karatu, sai na kasa jure a ce ɗan riƙon Malam Abdul-Gafar ya gudu. Ta dube ni ta ce ashe a gidan nan tunkiya ta fi ɗan mutum gata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce mata karin magana ba hujja ba ce. Duk wanda ya tambaya, na ce masa yaro yana Salaga.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A kwana na uku, Sha'aban mai fataucin shanu ya dawo daga kasuwar Bawku, ya biyo ta gida tun bai sauke jakarsa ba. Bayan mun gaisa ya ce ya ga wani yaro a kan babur da kaya a baya, kusa da hanyar Pusiga, ya rantse kamar Yussif. Abdulai, Allah ne ya aiko mini da mutum har ƙofar gida, ni kuwa na yi dariya na ce ai Yussif yana Salaga yana shan furar Hajiya. Bawan Allah ya ji kunya, ya ce lallai ido ya fara tsufa, ya ba ni haƙuri ya tafi. Na zauna ina gaya wa kaina mai yiwuwa kama ce. Kwana takwas ɗin da suka biyo baya, ni na ƙara wa yaron su da bakina.

Atikatu ce ta karya dokata. Ta ciro hotonsa na makaranta daga bango, ta bi tasha da shi, daga masu koko zuwa direbobi, tana faɗin sunansa da sunana ba tare da ta rage murya ba. Labari ya kai kunnen Sha'aban. Bai zo ya tuhume ni ba, da ma ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Ya ɗauke ta suka je wajen 'yan sanda, aka haɗa su da wata jami'a mai kula da lamarin yara, aka yi waya Bawku. Da za su tafi can, ni ma na bi su a mota, a kujerar baya.

An same shi a wani gida da ba a gama ginawa ba, su biyar, duk sa'anninsa. Wani da suke kira Ciyaman ne ya tara su. A nan Yendi ya fara da shi, a gidan kallon ƙwallo: yau ya saya masa shinkafa, gobe ya ba shi waya, jibi ya ce masa shi namiji ne, bai kamata ya zauna yana jiran abin da uba zai aiko daga Turai ba. Da suka isa Bawku ya karɓe wayar. Aikinsu ɗaukar ƙwayoyin maye a babur ta hanyoyin daji zuwa kan iyaka, don ba a cika tsayar da yara ba. Da Yussif ya ce zai koma gida, sai aka ce masa yanzu shi ma mai laifi ne, yana fita kurkuku zai nufa. Jami'ar ta zaunar da shi ta ce masa a wurinsu shi wanda aka cuta ne. Ciyaman dai ya tsere, ana nemansa.

A hanyar dawowa ya tambayi Atikatu, ba ni ba, ko an neme shi. Ya ce Ciyaman kullum yana gaya musu ba wanda ke cigiyarsu, kuma shi Yussif ya ga Sha'aban ran nan, ya san Sha'aban ya gan shi, ya yi ta zuba ido. Atikatu ta ce masa an neme shi. Ba ta ce wa ya nema ba.

Ranar Juma'a na tashi a masallaci na faɗi duk abin da na rubuta maka. Kafin in sa takalmi, maza biyu suka ja ni gefe. Ɗaya ɗansa ya "tafi Tamale" wata biyu ke nan, ɗayan kuma nasa yana "karatu a Kumasi". Ashe ba ni kaɗai ke da Salaga ba. Mun kai hotunansu tare. An samu ɗaya, ɗayan har yau shiru, ka sa shi a addu'a.

Yussif ya koma makaranta, jami'ar tana zuwa duba shi duk mako. Ba ya yawan magana, kuma ba ya zama inda nake. Idan ka kira shi kada ka yi masa faɗa, ka fara gaya masa kana kewarsa. Maganar riƙo kuwa tana hannunka. In ka ga ya dace ya koma wurin Hajiya, ko ka nemi hanyar ɗauko shi, ba ni da bakin musu. In kuma ka bar shi nan, ka sani a hannun Atikatu ka bar shi, ni ɗan aikenta ne.

Ka gai da Faridatu, ka roƙa mini ita gafara in ta iya. Ka shafa mini kan Faruq da Na'imatu. Atikatu da Taslima suna gaishe ku, Sha'aban ma ya ce in isar da tasa.

Amana ka ba ni, na tsare sunana na bar ɗanka. Ni na yi kuskure, Abdulai.

Yayanka,
Abdul-Gafar