Sandar da Aka Bari a Kan Kujera

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ni kam kunya ta hana ni sakat. Nasir ɗina yana buga hurling, wasan 'yan Ireland na sanda da ƙwallo, a wani kulob nan Birmingham. Leburorin gini 'yan ci-rani ne suka kafa shi, da hannunsu suka share filin. Tsoho ɗaya ya rage cikinsu, ya ce ranar bikin tarihin kulob zai miƙa wa Nasir sandarsa a gabanmu. Har naman halal suka saya dominmu.

Sai ƙaninki Kabiru ya ce mu jira shi daga Manchester, wai wa ya taɓa fara biki a kan lokaci. Likita guda! Muka isa ana kwashe faranti. An riga an mayar da tsohon gidan kula da tsofaffi, sandar tana kan kujerar Nasir.

Yaron ya ƙi taɓa ta. Gobe za mu kai wa tsohon, ya miƙa masa da hannunsa. Kabiru ne direba, ko ya so ko ya ƙi.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna.

Ƙanwarki,
Hadiza