Na Kulle Littafin Jikata Saboda Tayar Keke

Malama Mai Fili, ki taimake ni kafin ranar Asabar, don magana ta cakuɗe a gidana. Ban yi boko ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ne yake rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in da bakwai ina gyaran keke a rumfa guda. Na san shekarar da aka fara kawo tayar da ba ta riƙe faci. Na san wanda ya fara hawan keke mai giya a layinmu, na san kwatar da ya faɗa. In musu ya tashi kan yaushe aka zuba kwalta a titin kasuwa, wurina ake zuwa a raba gardama. Na faɗa miki ne don ki san da wa kike magana.

Jikata, 'yar babban ɗana, a hannuna ta tashi. Ta gama karatu, wani kamfanin sufuri ya kira ta jarrabawar ɗaukar aiki ran Asabar. Ta sayo wani littafi mai kaurin bulo, kullum tana tsakar gida tana karantawa da ƙarfi. Ina kan kujerata sai na ji an ambaci taya. To a yi maganar taya a gidana in yi shiru?

Ga tambayar. Mai keke ya yi tafiyar minti ashirin, wane nisa ya ci? Bayani na ɗaya, tayar tana juyawa sau ɗari da hamsin a minti. Na biyu, kewayen tayar mita biyu ne. Amma wai ba nisan ake so ba! So ake ka faɗi ko bayani ɗaya ya isa, ko sai an haɗa biyun, ko duk ba su isa ba. Ki ji fa. Baƙo ya tare ka ya tambayi nisan gari, ka ce masa ai ana iya sani, ka wuce abinka. A kan wannan ake ba mutum aiki yanzu.

Na ce ta rubuta na ɗaya ya isa, domin babu mai hankalin da bai san babban keke inci ashirin da takwas yake ɗauka ba. Ta duba bayan littafi, wai sai an haɗa biyun. Ta yi dariya ta ce angon nata ya tsufa, za ta sake miji. Na haɗiye.

Washegari aka zo kan motar kaya. Bayani ɗaya ya ce tana gudun kilomita sittin a awa, ɗayan ya ce awa uku ta yi. Tunda na gane mutanen nan masu son a faɗi komai ne, na ce duk ba su isa ba. Ba a faɗi nauyin lodi ba, ba a faɗi sau nawa direba ya tsaya cin abinci ba, ba a faɗi shingayen masu duba takardu nawa ne a hanya ba. Ta duba baya, wai sun isa. Jiya laifina na cika sani, yau laifina na cika tambaya.

Sai na shigo da keke, na shafa wa taya alli, na tura juyi biyar da iska cike. Na sace iskar, na ɗora matata, kakarta, a kariyar bayan keken, mace ce da Allah ya yi wa jiki, ta hau tana mita, na sake tura juyi biyar. Taƙi guda cur ya ragu. Ido ya gani. Maimakon yarinyar nan ta sallama, sai ta ce masu jarrabawa ba za su ɗora kakarta a kariya ba. Ta ƙara da cewa wannan ba aikin rumfa ba ne, a gaban mai rediyo kuwa. Rumfar da ta biya mata makaranta.

Na ɗauke littafin na kulle a akwatin sifanu da kayan gyara, na ce ba ya fitowa sai ta faɗa da bakinta cewa ƙarya yake yi. Yau kwana huɗu. Ba ta roƙe ni ba. Abin da ya fi cin raina, ta daina tsokanata. Yanzu durƙusawa take ta gaishe ni da Kaka, sannu da hutawa, kamar wani baƙon da ya zo gaisuwa. Kakarta kuma a bakin ƙofa take ajiye mini kwano ta juya.

Na yi niyyar bin ta ran Asabar da keke da famfo in nuna wa masu jarrabawar kuskurensu. Ki faɗa mini yadda zan sa ta amsa laifinta ba tare da girmana ya zube ba, da kuma ƙarfe nawa irin waɗannan ofisoshi suke buɗewa.

Tsoho Mai Faci

Baba Mai Faci, barka da ƙoƙari. Zan fara da wanda ya fi gaggawa: ba zan faɗa maka lokacin buɗe ofis ba. Ka bar keke a rumfa. In ka shiga wurin nan da famfo, ko ta cinye jarrabawar kakaf, sunanta ya zama jikar mai famfo har ta yi ritaya.

Gwajin da ka yi gaskiya ne, taya mai sacewa tana rage tafiya. Sai dai tayar takarda ba ta sacewa, direban takarda ba ya jin yunwa. Irin wannan tambaya abu ɗaya take aunawa: shin mutum zai iya raba abin da aka faɗa masa da abin da ya zata? Nisan keke yana fitowa ne daga abu uku, kewayen taya, yawan juyi a minti, da tsawon lokaci. Tambaya ta ba da lokaci, bayani na ɗaya ya ba da juyi, saura kewaye. Kai ka ciro shi daga kanka ka cusa. A ta mota kuwa an ba ka gudu da lokaci, magana ta ƙare, kai kuma ka nemi takardar haihuwar direba.

Ai ka san wannan aiki. In aka aiko maka a ce a ba da taya, ba a faɗi girma ba, ba ka bayarwa. In aka faɗi girma, ba ka tambayar launin rigar mai keken. Abin da littafin yake so ke nan, babu ƙari.

Ita ma ta yi kuskure. Maganar rumfa ba ta dace ba, balle a gaban maƙwabci, kuma kana da damar gaya mata ta yi maka zafi. Amma ka tuna yarinya ce da tsoro ya cika wa ciki, tana da kwanaki ƙalilan, kai kuma ka tare ta da alli. Ka bar wannan shari'a sai bayan Asabar. Girmanka zai jure jira, jarrabawa ba za ta jira ba.

Yau ɗin nan ka buɗe akwati, ka goge baƙin mai a bangon littafin, ka kai mata da hannunka, kada ka aiki kakarta. Ba sai ka yi jawabi ba. In ta yarda, ka zauna kusa. Ta karanta tambaya, ta ba da amsa, kai kuma tambaya ɗaya tak za ka yi mata: wannan an faɗa, ko ke kika zata? Mutum mai gardama irinka ya fi kowane malami iya wannan, muddin bai wuce nan ba.

In Allah ya ba ta aikin, za ta tarar da motocin gaske masu faci da direbobi masu yunwa, kuma babu amsa a bayan littafi. Ranar nan da ƙafarta za ta nemo rumfarka. Allah ya ba ta sa'a, ya ja kwananka ka ga hakan, ya kuma saka wa kakarta da ta hau kariya.

Mai Fili