Ni na hau katangar, amma malamin da ke haya a gidana ake zargi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Adimin, a taimaka a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin laifina na riga na san shi, hanyar gyara ce ta ɓace mini.

Ni mutumin Gwandu ne, ina aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo, zama kuma a Kalgo nake, inda na yi aure. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan kawun matata, dattijo ne mai mutunci, shi ya yanka mana filin da muka yi gini, ni ma Kawu nake ce masa. A gaban gidana akwai ɗaki ɗaya na haya, wanda ke ciki malamin firamare ne mutumin Zuru, Kirista, zan kira shi Malam Yohanna. Iyalinsa suna can gida, shi kaɗai yake zaune, kuma tun zuwansa ban ji wanda ya ce ya ɓata masa rai ba, har lesin yake yi wa 'ya'yan unguwa da yamma kyauta.

Bara likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage zama in nemi abin motsa jiki. Gudu a bakin titi ban iya ba, ina jin nauyin a gan ni da gajeren wando ina haki. Injiniyan tasharmu, wanda ke hawa dogon ƙarfen eriya, shi ya nuna mini bidiyo a wayarsa, mutane suna hawa bango da yatsu kawai, a jikin bangon an yi ƙananan ramuka da ake cusa yatsu a ɗaga jiki. Ya ce akwai rami mai cin yatsu huɗu, da mai uku, da mai biyu, a fara da manyan, a bar ƙananan sai jijiyar hannu ta yi ƙwari, in an yi gaggawa jijiyar kan tsinke. Abin ya burge ni, don ba ya bukatar fili, ba ya bukatar kowa ya gan ka. Na ɗauko wani magini daga Dalijan, ya ƙara wa katangar kauri ta wajena, ya fafe ramukan jeri-jeri, manya a ƙasa ƙanana a sama, ya goge bakinsu sumul don kada su yanke fata. Ƙasa na zuba yashi na shimfiɗa tsohuwar katifa. Wurin da na zaɓa lungu ne a bayan ɗakin Malam Yohanna, saboda matan da ke shigowa wurin matata ba sa bi ta nan. Da na ga zufa na sa yatsu su zame, shi na roƙa yake kawo mini guntayen alli daga makaranta, in daka in shafa. Yakan tsaya da buroshi a baki yana kallona yana dariya, ya ce, "Maigida, yau kai da ƙadangare wa zai riga wani?"

A nan kuskurena yake. Kowa ya san al'adarmu, duk namijin da zai hau sama a cikin gari, ko gyaran kwano ne, ko sassabe bishiyar dogon yaro, ko ɗaura dish na talabijin, sai ya aika gidajen maƙwabta a ce za a hau bisa, mata su kimtsa. Na san wannan sarai. Amma na ce wa kaina ai ni ba kai wa ƙarshen katangar nake yi ba, kuma gaskiyar magana kunya nake ji a ce kullum da safe sai an shiga gidan Kawu an ce Malam zai hau bango. Me zan ce ina nema a can? Don haka ban taɓa aikawa ba, ko Kawu bai san da ramukan ba.

Ramin ƙarshe mai yatsu biyu ne, ƙasa kaɗan da kan katangar. Wata da watanni ina kai masa hannu ina zamewa. Ranar da abin ya faru, bayan na dawo daga sallar Asuba gari ya fara haske, na hau, yatsuna biyu suka shiga suka zauna daram, na ja jikina sama cikin murna, na kai ɗaya hannun na dafa kan katangar. Ban taɓa lissafa cewa in na kama ramin nan kaina zai wuce katangar ba. Ina ɗagowa sai ga tsakar gidan Kawu a gabana, ga matar Bello, ɗansa, ta fito daga makewayi da ɗaurin ƙirji. Allah shi ne shaida, ƙiftawar ido ce. Ta ƙwalla ihu, na saki, na faɗo kan katifa, yatsana na tsakiya ya yi wata ƙara. Abin da ya kamata in yi a lokacin shi ne in zagaya in yi sallama in ce ni ne, ga yadda aka yi. Maimakon haka na shiga ciki na wanke hannu, na sa babbar riga da hula, na hau mashin na tafi karanta labaran safe.

Da na dawo da azahar magana ta riga ta yi kai da ƙafa. Ita ta ce kai kawai ta gani, askakke, ba hula, fuska ba ta tantance ba. Bello ya kafa tsani ta wajensu ya ga shatin yatsu fari fat a kan katangar, ya leƙa ya ga ramuka a jere tun daga ƙasa, daidai bayan ɗakin haya. Aka ce nan take ya ce, "Wa ad da alli unguwag ga in ba ticha ba?" Ramukan kuma suka ƙara muni, aka ce ashe ba yau ya fara ba, har matakala ya haƙa wa kansa. Ni kuwa ba wanda ya taɓa ganina ba hula a waje, ba wanda ma ya kawo ni a ransa.

Bayan la'asar Kawu ya kira ni zaurensa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, kai dai hwaɗa min gaskiya, ka san baƙon ga naka shina hawan bangon ga?" Na ce masa, "Wallahi Kawu ban taɓa ganin shi ya hau ba." Ku duba wannan amsa. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a cikinta, don bai taɓa hawa ba, amma na san abin da Kawu zai fahimta, kuma don ya fahimci hakan na tsara ta. Aikina ke nan kullum, zaɓen kalma, ranar nan na yi amfani da shi na rufe kaina na bar wani a rana, har da rantsuwa. Ina maganar ina ɓoye kumburarren yatsana a cikin hannun riga. Kawu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya keta masa haddin gida, ni kuma na ce amin.

Matata ta sani, don ita ta ɗaure mini yatsan. Mun yi ta ja-in-ja a kai. Da farko ita ce ta ce in je in faɗa, na ce a bari ƙura ta lafa. Da na dawo na ce zan je, sai ita kuma ta ƙi, ta ce yanzu lokaci ya wuce, na riga na rantse a gaban Kawu, in na koma ba za a ce kuskure ba ne, za a ce na leƙa matar ɗan uwanta ne na kuma yi ƙarya a kai. Ta ce, "Mi kaka so in ce in na shiga gidan nan? Da wane ido zan dubi matar Bello?" Ta ce shi ticha baƙo ne, ko yau ko gobe ana iya yi masa taransifa, mu kuwa nan za a binne mu. Ban ga laifinta ba, tsoro ne, kuma ni na jefa ta a ciki. Amma na ce mata baƙo ma ɗan wani ne, ta yi kuka, tun ranar maganarmu ba ta wuce gaisuwa da ga abinci.

Ƙurar da na ce a bari ta lafa ba ta lafa ba. Iyaye sun janye 'ya'yansu daga lesin. Mai shagon da yake sayen burodi ya daina amsa gaisuwarsa. Kawu ya ce in sallame shi daga gidan, na yi ta kawo uzuri. Mafi muni, Bello da wasu iyaye sun je wurin hedimasta sun ce mai leƙen matan aure bai dace ya koyar da 'yan mata ba, hedimasta ya ce zai jira abin da mai unguwa ya yanke, shi kuma mai unguwa ya sa zama ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci. In aka tabbatar masa da laifin, ba ɗaki kaɗai zai rasa ba, aikinsa ne da sunansa, kuma irin wannan tabo yana bin malami duk makarantar da aka kai shi.

Duk wannan abin Malam Yohanna bai ambaci sunana ba. Da aka tambaye shi cewa kawai ya yi shi bai hau ba. Ni kuma na koma fita ta ƙofar baya don kada mu haɗu. Jiya da yamma ya tare ni ina jingine mashin. Bai yi faɗa ba, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Maigida, yaya hannun?" Ya ce shi ba zai faɗa ba, ba don yana jin tsorona ba, sai don in ya faɗa ba wanda zai yarda, za a ce baƙo ya leƙa gidan mutane ya kuma juya ya yi wa mai masaukinsa ƙazafi, laifi ya zama biyu. Ya ce abu ɗaya ne ya hana shi barci, magana ta kai Zuru, matarsa ta kira shi tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne. Ya ce, "In ba za ka iya gaban Baba, kawun matarka, ba, ban tilasta ka ba. Amma ka kira Maman Rahila ka gaya mata mijinta ba haka yake ba. Ita kaɗai." Ya karɓi wayata ya sa lambar da kansa ya miƙo mini.

To 'yan uwa, ga inda nake. In na kira matarsa kawai, na yi abin da ya roƙa, amma ran Juma'a zan zauna a gaban mai unguwa a matsayin mai gida ina kallo a yanke masa hukuncin abin da na aikata. In na je wurin Kawu ni kaɗai kafin zaman, ina tsoron ya ce a rufe maganar a cikin gida don mutuncin matata, 'yarsa da ya rena, a janye ƙarar shiru, kowa ya ci gaba da zaton ticha ne aka yi wa afuwa. In na tashi a gaban jama'a na ce ni ne, na wanke shi tas, amma matata ce za ta kwana da abin, ita da ba ta hau komai ba, kuma ban san ko zumuncinta da gidan da ya rene ta zai sake komawa daidai ba. Na yi tunanin in fara da liman ya raka ni, sai na ji kamar rakiya nake nema don a sassauta mini, ba don a wanke shi ba.

Malamai da ke cikin wannan zaure, me ke kaina game da rantsuwar nan da amin ɗin da na amsa? Mata, in mijinki ne, za ki fi so ya faɗa a gaban mutane ko a zauren Kawu? Ita matar Bello fa, ta yaya zan nemi yafiyarta ba tare da na ƙara kunyata ta ba? Kada ku lallashe ni, ku gaya mini wa zan fara tunkara, kuma da wace kalma zan buɗe baki. Yau Laraba, jibi ne zaman.