Takardar Cikin Ƙamus

9 ga Maris

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Shekara ashirin da biyu ke nan ban taka ƙofar gidanki ba, kin kuma san dalili. Ke ce ma'aikaciyar jinya a gidanmu, ke kika ɗora matata a kan ƙwayar tazarar haihuwa lokacin da zan tafi ƙaro karatu. Na yarda, don ina zuwa hutu, kuma ba na so ta yi goyo ba na nan. Amma hakan bai ishe ki ba, sai da kika bi ni har tasha kika cusa mini kwalin kwaroron roba a jaka. Ni, yayanki, hedimasta guda! A kwata na zubar.

Ƙwayoyinki ne suka lalata mata mahaifa. Cikin da ta samu bayan ta daina sha bai zo da rai ba, ita kuma ta tattara kayanta ta bar ni.

Yanzu na yi ritaya. Ɗakina ɗaya, kujera biyu, ɗayar tsofaffin jaridu ne ke zaune a kanta. Ranar da rediyo ya ƙi kamawa, sai in wuni ban ji muryar mutum ba. An ce kin san inda matar tawa take. Ki aiko mini da adireshinta, ko wannan kaɗai kya gyara.

Ki huta lafiya.
Yayanki

24 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, yara ma suna gaida kawunsu da ba su taɓa gani ba. Rubutunka na nan yadda na san shi, saura jan biro kawai.

A tasha na gaya maka: ƙwaya ciki take hanawa, ba ta hana cuta. Ka ce in rufe maka baki, Turancin da ke jikin kwalin ma ka fi ni iya karanta shi. Na rufe.

Yaya, ba ƙwaya ba ce, tunjere ne, cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Da ka dawo, can wani asibiti mai nisa ka je aka yi maka allura, aka ba ka 'yar takarda ka kawo matarka ita ma a duba ta. Ka sa ta cikin babban ƙamus ɗinka. Bayan an binne jaririn tana karkaɗe maka littattafai takardar ta faɗo. Ita ta kawo mini, ta ce, "Auta, karanta mini, ilimina bai kai na yayanki ba." Na karanta. Na gwada jininta, na yi mata allurar da in da an yi ta da wuri, da yanzu wani zancen ake yi.

Ba ta kai ƙararka wurin kowa ba. Tana ɗinkinta, lafiyarta lau, ba ta sake aure ba.

Na tambaye ta zancen adireshi. Ta ce a'a. Amma ta ce in ka rubuta abin da ya faru da hannunka, ba tare da ka ambaci ƙwaya ko Auta ba, in kai mata. Ba ta ce za ta amsa ba.

Allah ya ƙara lafiya.
Ƙanwarka

30 ga Afrilu

Auta,

Na gode. Ki gaida yaran. Takarda takwas na yaga kafin wannan. Ga abin da za ki kai mata:

Ni na kawo cutar. An ce in zo da ke, na ji kunyar a ga hedimasta da matarsa a layin masu wannan cuta a asibiti, na yi shiru.

Kin roƙe ni in gaya miki abin da aka haifa, na ce ban duba ba. Na duba. Mace ce, wata bakwai, gashi cike da kanta.