Hular Kwanona Ba Ta da Sitika

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tabbatar da Dokar Hular Kwano, Jos.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki, kai da jami'anka masu tsayuwa a bakin titi rana da ruwa. Da fatan iyali suna lafiya, sanyin daminar nan bai kwantar da kowa ba.

"Madam, sauka. Wannan hula ba shi da sitika." Abin da wani jami'inka ya ce mini ke nan wata safiya a Tina Junction, hannunsa riƙe da kan mashin ɗina kamar ya kama ɓarauniya. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare da ke Rayfield, kuma da wannan ƙaramin mashin nake zuwa aiki. Hular da ke kaina a lokacin ta rufe ƙeya da kunnuwa da haɓa, tana da gilashi, igiyarta a ɗaure a kan hijabina. A duk mahaɗar nan ina jin ni kaɗai ce zan iya faɗuwa in tashi in tuna sunana. Ni aka kama. Mashin ɗin yana harabar ofishinka har yau, ruwan sama yana wanke shi kyauta.

Ga abin da nake so ka sani.

Na farko, ni ba maƙiyar dokarka ba ce. Tun kafin a kafa kwamitinka nake sa hular kwano, kuma na sha dariya a kanta. A ɗakin malamai an ce tana ɓata ɗauri, wata ta tambaye ni ko yaushe zan tashi zuwa duniyar wata. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne ƙanina Kabiru, mai sayar da katako a kasuwar Katako. Kullum maganarsa ɗaya: "Yaya, kan nan dai nawa ne, kuma in ajali ya zo roba ba za ta hana shi ba." Na ce masa gaskiya ne, kan nasa ne har zuwa lokacin da zai bugi kwalta. Daga nan ya zama namu, mu masu kwana a bencin asibiti da dama kunu da wanke tsumma. Saboda haka a gardamar wa ke da ikon kan mutum, a ɓangarenka nake. Ko in ce a ɓangarenka nake kafin in ga abin da ka sa wa hannu.

Na biyu, hular da ke da sitika. Ranka ya daɗe, ka taɓa riƙe ta? Hular magina ce mai ruwan ɗorawa, ko in ce ƙanwarta da ba ta ƙoshi ba, ba soso a ciki, ba igiya. A ƙarƙashin wata lema ake sayar da ita, dab da inda jami'anka suke tsayawa, abin da na ɗauka dacewa ce kawai. Na kai ɗaya wa Mama Nkechi, mai shagon kayan mashin inda na sayi tawa. Ta danna ta da babban yatsa, ta lotsa. Ta miƙo mini ta ce, "Malama, ko gari ba zan auna da wannan ba." Ta gaya mini ta je neman sitika don hulunan kirki da ke shagonta, aka ce mata sitika ba ta zuwa ita kaɗai, da hularta take zuwa. A nan na gane sitikar ba ingancin hula take shaidawa ba, hannun da aka saye ta take shaidawa.

Na uku, ina roƙon ka ka sauke gilashin motarka wata rana a Tina Junction ka ga abin da doka ta haifa. Mai mashin yana tahowa da hularsa a rataye a hannun birki. In ya hango jami'anka sai ya ɗora ta a kan hular da ya fito da ita daga gida. Da yake ba ta da igiya, kuma iskar Jos ba ta san kwamiti ba, dole ya dafe ta da hannun hagu, ya ratsa tsakanin keken haya mai ƙafa uku da tifa da masu talla da hannu ɗaya, jami'inka yana ɗaga masa hannu ya wuce. Yana shan kwana ya mayar da ita hannun birki. Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa koya wa aji ɗaya wani abu da saurin da ka koya wa gari guda tuƙi da hannu ɗaya ba.

Na huɗu, Kabiru. Na dame shi har ya haƙura ya ce zai sa. Ya sayi mai sitika, don ita ce ba a kama mutum da ita. Wata rana ana yayyafi, wata mota mai ɗauke da katako ta taka birki a gabansa, ya zame. Ina farin cikin sanar da kai cewa hularka ta tsira. Ta riga shi barin wurin, ta gangara cikin kwata, sitikarta ko ƙwarzane babu. Shi kuwa an yi masa ɗinki daga goshi zuwa bayan kunne, kuma har yau in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta damansa. Yanzu yana zaune a rumfarsa yana nuna wa samari tabon, yana ce musu ya sa, ya faɗi, ya fashe, to ina amfanin? Suna saurarensa kuwa. Ni da nake da amsa a da, yanzu sai dai in zuba masa shayi. Mashin ɗin da ka ƙwace bai kai wannan ciwo ba.

Na biyar, na je ofishinka. Wani matashi mai ladabi ya yi mini bayani cewa abin mai sauƙi ne: in zo da hula mai sitika, in bar tawa a matsayin shaidar laifi, a ba ni makullina. Na tambaye shi ko zai yarda matarsa ta hau titi da ita. Ya yi murmushi ya ce su ba sa hawa mashin. Na gode masa, don shi ne mutum na farko da ya yi mini bayanin dokar yadda na fahimta.

Tun daga ranar da aka ƙwace mashin ɗina nake sauya keke bayan keke kafin in kai Rayfield. Shugabar makaranta ta kira ni a kan latti, ta tuna mini cikin mutunci cewa akwai masu digiri da yawa a garin nan da ke zaune a gida. 'Yan ajin ƙarshe suna jiran darasin farko ba malama, jarrabawarsu kuma ta ƙarato.

Buƙatuna ba su da yawa. A ba ni mashin ɗina da hulata tare. A ba duk hular kirki sitika, ko a soke sitikar. Sannan a gwada hulunan a gaban jama'a: kankana biyu, ɗaya a cikin taka, ɗaya a cikin tawa, a sako su daga benen ofishinka. Ni zan kawo kankanar. Wadda ta fashe sai jami'anka su sha, sun daɗe a rana.

Ban so takardar nan ta zama ta kowa da kowa ba, amma da ba a karɓe ta ba, sai na ƙara wannan bayani na fitar da ita fili. Da kaina na kawo ta. Sakatarenka ya ce Oga yana taro, ya leƙa hannuna, ya ce in da na zo da mai sitika da yau ɗin nan na tafi da abina. Na tuna fuskar shugabar makaranta, na tuna layin keke. Na ce masa ban zo da ita ba, kuma ba zan zo da ita ba. Ya ce to, ya tura ƙofa a hankali har ta rufe. Na sauko, na wuce mashin ɗina a inda yake, na fita ta get na tsaya jiran keke.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a wannan aiki, ya tsare ka da iyalanka daga ranar da za ku dogara da abin da ake sayarwa a ƙarƙashin lemar nan.

Wassalam.

Malama Rakiya,
mai jan mashin ɗin da ke jikin katangarka.