Kabarin Belkasim a Gonar Sha'ir

Annaba

Baffa Lahdar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni ce Yamina, 'yar abokinka Belkasim. Jikin Inna ya yi tsanani. Ba ta da magana sai ta a tono ƙasusuwan Baba a kai maƙabartar shahidai tun tana da rai. Cikin waɗanda suka binne shi ranar da kuka kai wa sansanin Faransawa hari, kai kaɗai ka rage. Don Allah ka nuna mana wurin.

Ka huta lafiya.
Yamina

Tebesa

Yamina 'yata,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba mahaifiyarki Hadda lafiya.

Ba mu kafa masa dutse ba. A wancan zamani, in sojoji suka ga sabon kabari, tonewa suke yi su yasar da gawar a kasuwa. Shi ya sa muka binne shi a gangare, muka roƙi manomi ya bi da garma ya shuka sha'ir a kai. Ni mai boko aka ɗora wa riƙon alama: tsakanin hasumiyar sansanin da wani tsohon ɓaure.

Da aka samu 'yanci, da hannunmu muka rushe hasumiyar, mata na guɗa. Duwatsun suka koma garken awaki. Ɓauren kuma aka sare don hanyar gidan wani babba. Allon tunawa ma a wani tudu suka kafa shi, inda ko harsashi ɗaya bai taɓa tashi ba, saboda motar manya ta fi isa can.

Duk da haka jiya na hau gangaren. Jikan manomin ya tare ni.

"Tsoho, akuyarka ce ta ɓata kake tattake min sha'ir?"

Na ce, "Mutum nake nema."

Ya ce, "Ai duk sun ƙetara zuwa Faransa neman aiki. Kai ne ka makara."

Na yini ina zagaya gonar da sanda. Ko'ina iri ɗaya. Mun ɓoye shi don Faransawa, ga shi sun tafi, ɓoyon ya dawo kanmu. Ki ba ta haƙuri.

Baffanki,
Lahdar

Annaba

Baffa,

Ina gaisuwa. Inna ta rasu ranar Laraba. Ka san ba ta karatu, ni na karanta mata wasiƙarka. Na ce mata ka gano wurin. Ta ce, "Dama Lahdar ba ya mantuwa."

In ka zo ta'aziyya, kada ka ƙaryata ni a gaban ƙannena.

Yamina